Kafin ku buga riga da hula: amsa ga matashin da ke son kafa ƙungiyar talakawa a Kano

Tambayar da wani matashi ya aiko ita ce: "Baba, mu kusan talatin ne a unguwarmu, akwai ɗalibai, akwai 'yan adaidaita sahu, akwai teloli. Muna son kafa ƙungiyar da za ta tsaya wa talaka irin yadda su Malam Aminu suka yi. Amma duk ƙungiyar da muka ga ta taso a Kano, kafin a je ko'ina wani ɗan siyasa ya haɗiye ta. Ta ina za mu fara, kuma yaya za mu tsira?"

Ɗana, na ji daɗin rabin tambayarka na biyu fiye da na farko, domin wanda ya san ana haɗiye ƙungiya ya riga ya wuce inda muke lokacin da muke shekarunka. Na yi aikin ƙungiyar ƙwadago, daga baya na koma aikin unguwa, kuma da hannuna na kafa ƙungiyar da ta mutu ina kallo. Bari in fara da ita.

Lokacin da ake shirin dawowa mulkin farar hula a 1999, mu wajen goma sha biyar muke haɗuwa a zauren wani dattijo bayan sallar Isha. Tabarma biyu, fitilar ƙwai ɗaya, sai butar shayin da kowa ke jefa abin da ya samu. Sai wani mai neman kujera ya ji labarinmu. Bai zo da kansa ba, yaronsa ya turo, ya ce maigida ya yaba da kishinmu, kuma bai kamata matasa irinmu su riƙa zama a ƙasa ba. Taro na gaba sai ga rumfa, ga kujeru, ga lemo, ga ambulan "na mota". Wallahi murna muka yi. Kafin wata biyu taronmu ya haura mutum ɗari, muka ce ƙungiya ta karɓu. Ranar da mutumin ya faɗi zaɓen fid da gwani, rumfa ta daina zuwa, mutum ɗarin nan suka watse, kuma abin da ya fi ci mini rai, goma sha biyar ɗin farko ma ba su dawo ba. An riga an yi rigima a kan wa ya riƙe ambulan ta ƙarshe, kuma wanda ya saba zama a kujera yana jin nauyin komawa tabarma. Babu wanda ya ci amanarmu a ɓoye. A fili muka miƙa wuya, don ba mu taɓa tambayar kanmu wa ke biyan kuɗin zaman ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Saboda haka abu na farko, tun kafin suna, tun kafin tambari, shi ne kuɗin mako. Ku tsayar da abin da mafi ƙarancin samu a cikinku zai iya bayarwa ba tare da ya ji a jikinsa ba, ko naira ɗari biyu ce. Ku sayi littafi mai kauri. Wanda ke karɓa daban, wanda ke rubutawa daban, kuma a ƙarshen kowane zama a karanta da ƙarfi: an karɓi kaza, an kashe kaza a kan kaza, saura kaza. Na san za ka ce wannan kuɗin ba zai sayi komai ba. Zai sayi fotokwafi da kuɗin adaidaita zuwa sakatariya, kuma a shekarar farko kusan abin da kuke buƙata ke nan. Amma babban amfaninsa ba a nan yake ba. Mutumin da ya cire ɗari biyu daga aljihunsa zai tambayi inda ta tafi, kuma mai tambayar nan shi ne katangar da ke hana shugaba sayar da ƙungiya cikin dare. Sannan littafin shi ne zai gaya muku gaskiyar yawanku. Ka ce ku talatin ne. Bayan mako shida ka buɗe littafin ka ƙirga waɗanda suka biya sau biyar. Su ne ƙungiyar. In sun kai goma sha biyu, ka gode wa Allah, sun isa a fara. Sunaye ɗari uku a WhatsApp ba su kai waɗannan goma sha biyun ba.

In wani mai hali ya kawo gudummawa fa? Ba na cewa ku kore shi. Ku sa doka tun yanzu, kafin kuɗin ya zo ya ruɗa ku: duk gudummawa a bainar taro ake karɓa, a rubuta, ba ta wuce wani adadi da kuka yanka, kuma daga ɗan takara ko mai riƙe da kujera ba a karɓa sam. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Tunda ka ambaci Malam, to mu tsaya a kansa, don yawancin masu rantsuwa da sunansa yanzu farar rigarsa da gidansa na Gwammaja kawai suka sani. Ranar 8 ga Agusta 1950 aka kafa jam'iyyar talakawa ta NEPU a Kano, kuma mutum takwas ne suka kafa ta, cikinsu akwai Abba Maikwaru, Magaji Dambatta, Mudi Sipikin da Bello Ijumu, wanda Bayarabe ne daga yankin Kabba. Malam Aminu ba ya cikin takwas ɗin, yana koyarwa a Maru a lokacin. Daga baya ya ajiye aiki ya shigo, ya zama shugabanta a 1953. Ka lura da abu biyu. Mutum takwas, ba taron dubbai ba. Kuma tun ranar farko ba a tambayi ƙabilar kowa ba. Sanarwar Sawaba, wato takardar manufofin NEPU, ta faɗa ƙarara cewa 'yantar da talaka aiki ne da talakan da kansa zai yi, kuma mutanen da suka ɗauki jam'iyyar a ka su ne teloli, mahauta, 'yan koli, masu rini, dukawa, ƙananan malamai da 'yan kasuwar da ke yawo gari-gari. Ɗan koli zai je cin kasuwar ƙauye da kayansa, a ƙarƙashin kayan akwai katin jam'iyya. Mutane da kuɗinsu suke sayen katin nan, alhali sun san riƙe shi na iya jawo musu bulala a kotun alƙali, ko ɗauri, ko a ƙara musu haraji, ko 'yan Mahaukata, wato 'yan bangar abokan hamayya, su tare su a lungu. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, har korar ta aka yi daga Kano.

Kada in yi maka ado da tarihi: NEPU ma ta karɓi tallafin kuɗi daga jam'iyyar NCNC da ta ƙulla ƙawance da ita, kuma abokan hamayya sun yi ta yi mata gori da hakan, suna cewa 'yan Kudu ne ke juya ta. Wato ko su ba su tsira daga wannan tarkon gaba ɗaya ba. Abin da ya riƙe su shi ne a ƙasa akwai reshe a unguwa da ƙauye wanda ba ya jiran kowa ya aiko masa da kuɗin taro.

Kuma ba da dogon turanci suka ja mutane ba. Abin da ke ci wa talaka tuwo a ƙwarya suka kama: haraji, jangali, aikin tilas, kama-karyar 'yan doka da dogarai, shari'ar da ba a barin mutum ya kare kansa. Talaka ya san waɗannan a fatar bayansa. Shekara kusan talatin suna maimaita maganar haraji da jangali, sai a 1979 da PRP, jam'iyyar Malam a Jamhuriya ta Biyu, ta ci Kano da Kaduna, Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke su. Ka auna tsawon wannan jiran kafin ka yi fushi don wata shida sun wuce ba ku ga sauyi ba.

Wannan ya kawo ni ga abin da zai fi ba ku wahala, wato zaɓar magana ɗaya. Matasa in sun zauna, so suke su yaƙi talauci, cin hanci, tsadar rayuwa, shaye-shaye da rashin aikin yi duk a zama ɗaya. Duk gaskiya ne, amma babu ofishin da za ka je ka ce a sa hannu a kawar da talauci. Ku nemi matsalar da ta cika sharaɗi uku: ta dami kusan kowane gida a unguwar, akwai mutum ɗaya takamaimai da alƙalaminsa zai iya warware ta, kuma ana iya ganin sakamako cikin watanni. Rijiyar burtsatsen da ta lalace har jarkar 'yan garuwa ta gagari mutane. Asibitin sha-ka-tafi da ake rufewa da Azahar, mai naƙuda ta rasa inda za ta. Ajin firamare da iska ta yaye rufinsa. Kuɗin da ake karɓa a hannun masu tebur a bakin titi ba rasit. Kuma ba a ɗaki za ku zauna ku zaɓa ba; fita za ku yi ku tambaya.

Ga yadda muka yi a ƙungiya ta biyu, wadda ta rayu. Mun ɗauka matsalar unguwar ita ce wutar lantarki, don ita ce ta dame mu, mu samari masu son kallon ƙwallo. Muka rabu biyu-biyu muka bi gida-gida, muka sa matan da ke cikinmu suka shiga inda namiji ba zai shiga ba. Tambaya ɗaya ce: me ya fi hana ki barci a unguwar nan? Sai muka ji amsa ɗaya tana ta dawowa: ruwan damina. Wata tsohuwa ta ja hannun ɗaya daga cikin 'yan matanmu zuwa ɗakinta ta nuna mata bango. Layi uku ne a jikin bangon, kowane da launinsa, ɗaya a ƙauri, ɗaya a gwiwa, ɗaya ya kusa ƙugu. Ta ce wannan na bara ne, wannan na bara waccan. Gadonta a kan bulo huɗu yake, buhun gero a rataye da igiya a jikin azara, a bakin ƙofa kuma buhunan yashi ne da suka riga suka fashe. Ta ce duk sanda hadari ya haɗo da dare a zaune take kwana, jikokinta a cinya. Da aka kawo mana wannan labarin babu wanda ya sake ambatar wuta.

Muka bi ruwan da ƙafa ranar da aka yi sama, muka gano kwalbati ɗaya ce a bakin titi ta rufta ta toshe, ruwan unguwa uku ke taruwa ya koma gidaje. Muka ƙirga gidajen da abin ya shafa, muka ɗauki hotuna, muka rubuta takardar koke shafi ɗaya da Hausa da Turanci, masu iya sa hannu suka sa, sauran suka dangwala. Mai unguwa muka fara kai wa, da ladabi, muka roƙe shi ya zama na farkon sa hannu. Daga nan kansila, daga nan sakatariyar ƙaramar hukuma. A can muka koyi darasin da nake so ka riƙe: kada ka taɓa miƙa takarda ba ka da kwafi, kuma kada ka bar wurin sai an buga wa kwafinka hatimin "an karɓa" da kwanan wata. Takardarmu ta farko ɓata ta yi, aka ce ba a taɓa ganin ta ba. Ta biyu ba ta ɓata ba.

Sai zaman benci. Duk Talata muna can. Makon farko mu uku, masinja ya ce oga ya fita. Mako na biyu mu bakwai, aka ce yana taro. Mako na huɗu muka zo da dattawa biyu da limamin masallacinmu da mata goma sha wani abu, wasu da goyo, tsohuwar nan a gaba. Ba mu ɗaga murya ba, ba mu ɗauki kwali ba, gaisuwa muka yi muka zauna muka cika barandar. A makon ne kuma wani gidan rediyo ya ba mu minti biyar, muka sa tsohuwar ta yi magana da bakinta maimakon shugabanmu. Kafin mako ya zagayo injiniya ya zo da tef ɗinsa. Ba duk abin da muka nema muka samu ba: sun gyara kwalbatin, magudanar cikin lungu kuwa mu muka yashe ta da aikin gayya. Amma daga ranar, in muka kira taro ba ma roƙon kowa ya zo. Littafin kuɗin mako ya ninka, kuma mutanen da a da ke ce mana 'yan zaman kashe wando su ne suka fara kawo mana ƙarar asibiti.

Dole ku san wa ke riƙe da wane alƙalami, in ba haka ba za ku yi ta buga ƙofar da ba kowa a ciki. Jihar Kano tana da ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484, kuma birnin nan ya rabu tsakanin takwas: Birni da Kewaye, Dala, Gwale, Fagge, Nasarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo. Wani aikin na ƙaramar hukuma ne, wani na ma'aikatar jiha, wani na tarayya. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Aiwatarwa na tafiyar hawainiya, amma hukuncin ya ba ku hujjar tambayar ciyaman nawa ya shigo kuma ina ya tafi. Akwai dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba ofishin gwamnati kwana bakwai ya amsa buƙatar da aka rubuta masa, kuma a 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa ta hau kan jihohi ma. Kasafin kuɗin jiha ana wallafa shi. Ku sa ɗalibanku biyu su zauna su tsamo duk aikin da aka rubuta da sunan mazaɓarku, su fassara shi da Hausa, a karanta a majalisar unguwa. Babu abin da ke tayar da unguwa kamar ta ji an ware kuɗin aikin da idonta bai taɓa gani ba. Sannan akwai kujerun da ke nan a buɗe ba mai zama: kwamitin kula da makaranta na al'umma, da kwamitin ci gaban mazaɓa da ke sa ido a kan asibitin unguwa. Yawanci sunaye ne a takarda. Ku shiga ku raya su, ba sai kun ci zaɓe ba.

Rajista kuwa kada ta ɗauke muku hankali yanzu. Sashe na 40 na tsarin mulki ya ba ku 'yancin taruwa da kafa ƙungiya. In kun shekara kuna aiki, kuɗi ya fara taruwa har ana buƙatar asusun banki mai sa hannun mutum uku, sai ku nemi rajista. Na ga ƙungiyoyi da yawa da suka ƙare a kan satifiket da hatimi, ba su taɓa yashe kwata ɗaya ba.

Kada ku ɗauka daga kanku za a fara tara mutane. Kano a tare take tun kafin a haife ku: majalisar bakin titi bayan La'asar, teburin mai shayi, adashin mata, makarantar Islamiyya ta matan aure, ƙungiyar iyayen yara, kulob ɗin ƙwallo, ƙungiyoyin 'yan kasuwa a Kwari da Singa da Kurmi da 'Yankaba, tashar 'yan adaidaita. A kowane ɗaya akwai mutumin da in ya yi magana ake yin shiru, kuma sau da yawa ba shi ne mai muƙami ba. Uwar adashi da mata arba'in suka yarda su ba ta kuɗinsu duk mako ta fi duk wani mai dogon turanci a cikinku daraja a wannan aikin. Ku je ku same ta, ku saurare ta, kada ku je da lacca. Ƙarfin masu sana'a kuma ka gan shi da idonka a 2021, lokacin da 'yan adaidaita suka ajiye aiki a kan harajin naira 100 na kullum: gari ya tsaya, ɗalibai da ma'aikata suka taka da ƙafa. Mai sana'ar da in ya naɗe hannu gari zai ji, yana da abin da ɗan boko ba shi da shi.

Na lura a lissafinka babu mace ko ɗaya. Gyara wannan tun yanzu. Matan Arewa ba su samu damar jefa ƙuri'a ba sai a 1976, alhali NEPU ta daɗe tana neman a ba su, amma je ka rumfar zaɓe yau ka ga layin wa ya fi tsawo. Su suka san farashin kwanon masara, su ke kwana a asibiti da yara, su ke shiga kowane gida. In zama tare da maza zai hana mazajensu barin su, su yi nasu zaman da rana, da nasu littafin, wakilansu su zauna a kwamiti da cikakkiyar ƙuri'a. Kada a mayar da su masu dafa abincin taro da rangaɗa guɗa.

Harshe ma abin lura ne. Kalmomin da kuka koyo a jami'a ku bar su a jami'a. Mutanenmu suna da nasu: zalunci, adalci, amana, haƙƙi. Malam Aminu malami ne mai tafsiri, da ayar da talaka ya sani yake nuna masa cewa zaluncin da ake yi masa ba ƙaddara ba ce da aka hana shi ƙi. Amma ku yi hattara kada ƙungiya ta zama ta wani ɓangaren addini. Ɗan ɗariƙa da ɗan Izala kwata ɗaya ke shiga gidajensu, haka Kiristan da ke haya a lungunku. Mai jar hula da wanda ba ya sa ta duk ku karɓe su, da sharaɗin a ajiye rigimar iyayen gida a bakin ƙofa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a Kano ta waɗannan tsagogin biyu yake shigowa.

Zanga-zanga fa? Makami ce, amma ta ƙarshe, kuma ba a ɗaukar ta sai da mutanen da aka sani. A Janairun 2012, da aka cire tallafin mai lita ta tashi daga naira 65 zuwa wajen 141, mutanen Kano sun mamaye dandalin Silver Jubilee, Kiristoci suka tsaya gadi Musulmi na salla, ƙungiyoyin ƙwadago suka tsayar da ƙasa, gwamnati ta sauko zuwa naira 97. Akwai shugabanci, akwai buƙata ɗaya da kowa zai iya faɗa. Ka kwatanta da zanga-zangar tsadar rayuwa ta 1 ga Agustan 2024. Yunwar gaskiya ce, fushin gaskiya ne, amma a Kano babu wanda zai ce ga mai cewa a tsaya a tsaya. Aka fasa wurare, aka rasa rayuka, aka sa dokar hana fita ta awa 24, kuma a Nuwamba muka ga yara ƙanana a gaban kotu a Abuja, wasu suna faɗuwa don galabaita, kafin a sake su. 'Ya'yan talakawa ne suka biya. In ba ku da mutanen da za su tsare gefen taro su hana ɓata-gari shiga, ba ku da lauyan da zai bi wanda aka kama, ba ku san sunan kowa da gidansu ba, to ba ku isa fita titi ba tukuna. Zaman bencin nan na Talata ya fi.

Saura babbar maganar: zaɓe. Za ta zo, ko kun so ko ba ku so ba. Da zarar kun gyara abu ɗaya a unguwa, 'yan takara za su fara aiko da gaisuwa, kuma a cikinku wani zai fara jin ƙaiƙayin kansila. Ba laifi ba ne. Wanda ya ce a guji siyasa gaba ɗaya ya bar wa 'yan jagaliya da masu rabon taliya fili. Tun 2018 an rage shekarun takarar majalisar jiha da ta wakilai zuwa 25, sai dai har yanzu dole sai ta jam'iyya, kuma a nan ake yanka mutane, wurin deleget da kuɗin fom. Shawarata, a zagayen farko kada ku tsayar da kowa. Ku rubuta buƙatun mazaɓa uku ko huɗu, ku gayyaci duk 'yan takara, na kowace jam'iyya, su zo su zauna a tabarmarku, a kuɗin shayinku, su amsa a gaban jama'a, a naɗi muryarsu. Ku tabbatar duk ɗan ƙungiya yana da katin zaɓe, ku koyi aikin ejan, ku tsaya a akwati har a ƙirga a liƙa sakamako. In ɗayanku ya tsaya takara daga baya, ya sauka daga muƙaminsa na ƙungiya ranar da ya sayi fom, kuma littafin kuɗi ba ya bin sa.

Dalilin wannan tsaurin yana cikin tarihinmu. A zaɓen 1951 NEPU ta yi rawar gani a matakin farko a birnin Kano, amma zaɓen hawa-hawa ne, En'e, wato hukumar gargajiya ta sarki, ta cusa mutanenta a matakin ƙarshe, aka wayi gari ba ta da kowa a majalisa. Wato ka san dokar wasan kafin ka shiga. A Kaduna, Balarabe Musa ya ci gwamna amma majalisa na hannun jam'iyyar NPN. Ba su bar shi ya naɗa kwamishinoni ba, suka tsige shi a Yunin 1981. Wato kujerar sama ba ta tsayuwa in babu na ƙasa. A Kano kuwa gwamnatin Rimi ta yi abin a zo a gani: ita ta fara ba da hutun ranar ma'aikata a 1980, ta kafa hukumar yaƙi da jahilci da har UNESCO ta ba ta lambar yabo. Amma jam'iyyar PRP ta dare biyu, Santsi da Taɓo, gwamna a gefe, Malam a gefe, 'yan gida ɗaya suka koma ba sa ga-maciji. A rikicin 10 ga Yulin 1981 aka kashe Dakta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan siyasa. Malam ya rasu a Afrilun 1983, Rimi ya koma jam'iyyar NPP ya faɗi zaɓe a hannun Sabo Bakin Zuwo, kafin shekarar ta ƙare soja suka kwashe kowa. Har yau dattawa na musun wa ke da gaskiya, ni ma ina da ra'ayina, amma abin da ya shafe ka shi ne: ba su zauna tun kafin nasara sun yanke wa zai ja wa wanda aka zaɓa linzami ba. In haka ta faru da mutanen da suka sha ɗauri tare, kada ka ce ku abota za ta tsare ku. Ku rubuta: shugabanci shekara ɗaya ko biyu ne a sake zaɓe, babu mai ganawa da jami'i ko ɗan siyasa shi kaɗai, sai mutum uku, kuma duk abin da aka faɗa a can a maimaita shi a taro.

Wani daga cikinku zai tafi, wannan kam ka sa a ranka. Za a ba shi muƙamin mataimaki na musamman ko a saya masa babur, ka ji shi a rediyo ya zama sojan baka. Kada ku zage shi, kada ku bi shi gida da gori. Yana da iyali, kuma gobe kuna iya buƙatar ya nuna muku ƙofar wani ofis. Ku dai tabbatar duk aikin da ya iya akwai mutum biyu da suka koya a wurinsa.

Ga abin da zan so ka yi kafin ka sake rubuto mini. Kira zama ranar Asabar bayan La'asar, a zauren wani ko a harabar makarantar unguwa, ba rumfa, ba lasifika, ba babban baƙo. Ku yanka kuɗin mako, ku zaɓi mai karɓa da mai rubutawa, ku raba lungunan unguwar biyu-biyu, mata su ɗauki cikin gidaje. Ku ba kanku mako uku kuna tambaya kuna rubuta amsa da kalmomin masu ita. In kun gama, aiko mini da abu uku da suka fi fitowa da adadin waɗanda suka biya kuɗin mako ba fashi, sai mu duba wanne za a fara kai wa mai unguwa.